Kaza ta kwana lafiya ta wayi gari tana ɗingishi: ina matsalar take?

Abin yakan zo ne ba sallama. Jiya da yamma kazar tana tone-tonenta, ta shiga akurki da ƙafarta, yau da safe an buɗe ƙofa sauran sun fito a guje ita tana can baya tana jan ƙafa ɗaya, ko ma ta zauna daɓas ta kasa tashi, ido a buɗe, ci tana ci, amma ƙafa ta ƙi. Daga nan sai shawara ta fara zuba. Wannan ya ce bitamin ne ya yi mata ƙaranci, wancan ya ce a zuba antibayotik a ruwan shansu, wani ya ce ai cutar Marek ce mai shanye ƙafar kaji, ba ta da magani a yanka kawai a huta, ga kuma labarin murar tsuntsaye da ake ta ji wanda ya sa duk kazar da ta kwanta sai gaban mai ita ya faɗi. Kowannensu zai iya yin daidai, sai dai kowa amsar wata kaza daban da ya taɓa gani yake bayarwa. Abubuwan da ke kayar da kaza ta ƙafa sun haura goma, wasu kwana uku sun wuce, wasu kuma somin taɓi ne na abin da zai bi sauran kajin ɗaya bayan ɗaya.

Ɗingishi daban, shanyewa daban

Mutane kan ce "ta gurgunce" a kan komai, alhali abubuwa ne mabambanta. Ɗingishi shi ne ƙafar tana aiki amma akwai zafi, kazar tana tsoron ɗora mata nauyi, za ka ga tana ɗage ta ko tana takawa da ɗar-ɗar. Shanyewa kuwa saƙon da ke zuwa ƙafar ne ya yanke, ƙafar tana nan lafiya a ido, ba kumburi ba rauni, amma ba ta jin umarni. Sai na uku, nakasar ƙashi ko gaɓa, inda ƙafar ta lanƙwashe ko ta karkace ta fita daga saitinta. Akwai ma na huɗu da ake yawan mantawa da shi, wato kazar da wani ciwo na ciki ya galabaitar har ta zauna, ƙafarta ba ruwanta.

Hanyar rabewa ba wuya. Ka ɗauki kazar ka rungume ta a jikinka, ka sa yatsanka a ƙarƙashin yatsunta, mai lafiyar jijiya za ta damƙe ka, in ka ɗan matse yatsa ɗaya za ta fizge. Wadda ƙafarta ta shanye sai ka ji yatsun sakwa-sakwa ba damƙa, ko fizgewar ta zo a makare.

Kalmar jijiya ita ma tana ƙara rikita zancen, domin Hausa ta haɗa abu uku a cikinta: mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, mai ɗaure tsoka da ƙashi, da mai ɗaukar jini. Ta farko da ta biyu duk suna gurgunta kaza amma ta hanya daban. Sannan gaɓar nan da muke kira gwiwar kaza, mai lanƙwasawa ta baya, a zahiri idon sawu ce, gwiwar gaskiya tana can sama gashi ya rufe ta, kaza a kan yatsunta take tafiya. Shi ya sa wani zai duba ƙasa ya ce bai ga komai ba alhali ciwon yana sama cikin gashi.

Kafin a taɓa kowane magani akwai tambaya uku da ke rage yawan kame-kame: watanta nawa, ita kaɗai ce ko suna da yawa, kuma akwai kumburi ko zafi a wani wuri ko babu.

A fara daga ƙasa

In kaza ɗaya ce, babba, kuma abin dare ɗaya ya faru, toh abin da ya fi yawa shi ne rauni kawai. Kaza mai nauyi ta diro daga sanda mai tsayi kan siminti ta yi targaɗe, ko ƙafa ta maƙale a waya, ko zakara mai girman jiki ya danne ta, ko wani ya taka ta. Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa shi ne zare, irin na buhu ko dogon gashi, yana naɗe yatsa ya nutse cikin fata har ba a ganinsa sai an duba da kyau, ya tare jini, in an bar shi yatsan ya mutu ya guntule. Maganin targaɗe hutu ne, a keɓe ta a ƙaramin keji mai shimfiɗa mai laushi, abinci da ruwa a kusa da bakinta, ba sandar hawa. Keɓewar ba don hutun kaɗai ba ce, kaji ba sa tausayin mai rauni, za su hana ta ci su yi ta saran ta. Yawanci cikin 'yan kwanaki zuwa sati biyu ake ganin sauƙi. Karaya kuwa tana bukatar ɗori, ƙashin tsuntsu yana saurin haɗewa fiye da na mutum, wanda ke nufin in ba a saita shi da wuri ba haka zai haɗe a karkace.

Sai marurun tafin ƙafa. Juya ƙafar ka wanke tafin, in shi ne za ka ga wani baƙin ɓawo zagayayye a tsakiya, kewayensa a kumbure, wani lokacin kumburin har ya ɓullo ta sama tsakanin yatsu, ka taɓa ka ji ɗumi. Asalinsa ɗan yanka ne ko gogewa daga sanda mai kaushi ko ƙasa mai jiƙe da kashi, sai bakteriya ta shiga, galibi Staphylococcus aureus. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne in an matse ba abin da ke fita. Mugunyar tsuntsu ba ruwa-ruwa take kamar tamu ba, daskarewa take yi ta zama wani dunƙule mai tauri a cikin naman, kazar kenan tana tafiya kamar wanda tsakuwa ta shiga takalminsa kuma ba halin cirewa. Shi wannan ba dare ɗaya yake tasowa ba, ya yi makonni yana girma, ranar da ta fara ɗingishi ce dai aka lura. In ya daɗe yana iya kaiwa ga ƙashi, a nan kuma warkewa ta yi wuya.

Akwai kuma ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, Knemidocoptes mutans, masu haƙa rami a ƙarƙashin ɓawon ƙafa. Ɓawon sai ya ɗaɗɗago ya yi kauri ya yi fari-fari kamar an watsa busasshen siminti, a hankali yake tafiya kuma ya fi kama tsofaffin kaji. Man basilin da ake shafawa a kai a kai na makonni yana toshe musu numfashi, likita kuma kan ba da maganin kashe ƙwarin mai suna ivermectin. Masu tsoma ƙafar a kananzir ko baƙin man inji suna kashe ƙwarin su ƙona fatar tare.

In kuwa kumburin a gaɓa yake, da zafi, ƙafa biyun duka, kuma kaji biyu uku sun kamu, sai hankali ya koma kan ciwon gaɓoɓi irin na Mycoplasma synoviae, wadda ke bi ta iska kuma tana ratsawa ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗan tsako. Magani yana kwantar da ita amma ba ya raba kazar da ita.

Abin da ke cikin mazubin abinci

A nan shekaru ne ke magana. Ɗan tsakon kwana ɗaya biyu da ƙafafunsa suka baje gefe da gefe, yawanci santsi ne, an shimfiɗa masa jarida ko leda, ko kuma zafin injin ƙyanƙyasa bai daidaita ba, in an haɗe ƙafafun da ɗan bandeji a tazarar da ta dace aka canza shimfiɗa yakan miƙe cikin kwanaki. Ɗan sati biyu uku da yatsunsa suka nannaɗe ciki kamar ya dunƙule hannu yana tafiya a kan gaɓa, wannan sananniyar alamar ƙarancin bitamin B2 ce, in an kama da wuri sauƙin yana zuwa da sauri, in an makara jijiyar ta riga ta lalace. Wanda bakinsa da ƙashinsa suka yi laushi suna lanƙwasuwa kamar roba, kalsiyam ne ko fosfaras ko bitamin D3 suka gaza. Wanda kuma gaɓar ta faɗaɗa ƙafar ta juya waje, jijiyar da ke bin bayan gaɓar ce ta zame daga kwarinta, ana danganta shi da ƙarancin sinadaran abinci irin su manganis da kolin da wasu bitamin na rukunin B, kuma da zarar ya zauna ba ya komawa.

Me ke kawo ƙarancin tunda ana ba su abinci? Tsabar hatsi zalla tana cika ciki amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, kazar da ke yawo tana cike giɓin da ƙwari da ganye da tsakuwa, wadda aka kulle kuwa abin da aka zuba mata kawai ta sani. Haɗaɗɗen abinci ma in ya daɗe a ajiye cikin zafi bitamin ɗinsa yana raguwa, in ya yi fumfuna kuma gubar da ke ciki tana taɓa hanta da ƙashi. Kajin da ba sa ganin rana sam jikinsu ba ya haɗa D3 da kansa.

Ga mai yin ƙwai lissafin ya fi tsauri. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kalsiyam wajen giram 2, kuma mafi yawan ginin ɓawon da dare ake yinsa lokacin da ba ta cin komai, saboda haka daga wani ma'aji na cikin ƙashinta take ranta ta biya da rana. Shi ya sa abincin leya, wato kajin ƙwai, ke ɗauke da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, na masu tasowa kuma wajen kashi 1. In ana ta ranta ba biya, sai ƙwai ya fara zuwa da ɓawo mai laushi, daga baya ƙashin ya yi rauni, wata rana kawai a tarar da kazar da ta fi kowa yin ƙwai a zaune ta kasa tashi. Ƙwan da ya maƙale shi ma yana sa kaza ta tsaya a miƙe jela a ƙasa tana tafiya da ƙyar, wannan kuma na gaggawa ne.

Amma fa kada jin haka ya sa a ɗura wa kowa kalsiyam. 'Yan tsakin da aka ba abincin leya ƙodarsu ce ke biyan kuɗin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan. Ƙodar da ta gaza tana barin wani farin gishiri mai kama da alli ya taru a gaɓoɓin yatsu su kumbura, kuma da yake babbar jijiyar ƙafar kaza ta jikin ƙoda take ratsawa, ƙodar da ta kumbura ko ta yi ƙari tana iya danne ta, ƙafa ta shanye alhali ciwon a ciki yake.

Burola labarinsu daban

Wanda ya sayo burola, wato kajin nama na gona, ya haɗa su da sauran kajin gida ya ga suna zubewa, ba lallai ne ya yi wani kuskure ba, halittarsu ce aka ja har ta kai maƙura. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun yi kiwon irin burolar 1957 da na 2005 a kan abinci iri ɗaya, a kwana 56 na farkon nauyinsa giram 905 ne, na biyun giram 4,202. Nama ya ninka fiye da sau huɗu, ƙashi bai samu lokacin ƙwari daidai da haka ba. Wani binciken da aka wallafa a 2008 a Birtaniya, wanda ya duba tafiyar burola 51,000, ya samu sama da kashi 27 cikin 100 ba sa tafiya da kyau a wajen kwana 40, kashi 3 da ɗoriya kuma da ƙyar suke iya motsawa. An ƙera su ne a yanka a sati shida bakwai, mai son ya riƙe su ya wuce haka sai ya auna musu abinci, ya bar su cikin duhu da dare su huta, ya nisanta ruwa da abinci kaɗan don su riƙa takawa.

Marek, sunan da kowa ke tsoro

Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hungari, József Marek, shi ya fara bayanin cutar a 1907, sai a 1967 aka gano cewa bairos ne daga dangin hapis ke kawo ta. Tana fita ne daga tushen gashin kazar da ta kamu, cikin amosanin nan da ke tashi in kaza ta kakkaɓe jiki, sauran su shaƙa. Ƙurar tana riƙe ƙwayar da rai na watanni a cikin akurki, tana bin takalmi da tufafi da iska, dalilin kenan da ya sa kusan duk inda ake kiwon kaji a duniya akwai ta, kuma kaji da yawa suna ɗauke da ita har su tsufa ba su nuna komai ba.

A waɗanda ta kayar, wasu ƙwayoyin jini ne ke rikiɗewa su mamaye jijiyoyin saƙo su kumbura su, ko su yi ƙari a hanta da saifa da ƙoda da ma'ajin ƙwan mace. Ta fi kama masu tasowa, daga wata 2 zuwa wata 6, sau da yawa dab da fara ƙwai, ko da yake manya ma ba su tsira ba. Yadda take zuwa: ɗan tangaɗi yau, gobe yatsu sun daina damƙa, bayan kwanaki kazar tana kwance ƙafa ɗaya ta miƙe gaba ɗaya ta miƙe baya. Fiffike ɗaya na iya saki. Wani lokacin ƙwayar ido ta koma toka-toka bakinta ya daina zama zagayayye. Ba kumburi, ba zafi, kazar tana cin abinci in an kawo mata kusa amma tana ramewa.

Ba ta da magani, kuma ba ta kama mutum. Rigakafinta ya fito ne wajen 1970, ana yinsa ranar da aka ƙyanƙyashe ɗan tsako ko tun yana cikin ƙwai a kwana na 18, kuma yana bukatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, in ɗan tsakon ya shaƙi ƙurar manya kafin nan toh cutar ta riga allurar isa. Yi wa babbar kaza bayan ta kwanta ihu ne bayan hari.

Wani abu da ke ɓatar da mutane: akwai nau'in Marek da kaza ke shanyewa na kwana ɗaya biyu sai ta miƙe kamar ba ita ba, wasu daga cikinsu bayan makonni ƙari ya kashe su. Duk abin da aka ba ta a waɗancan kwana biyun shi zai ɗauki yabon warkarwa.

In da yawa suka zube lokaci guda

Wannan wani babi ne daban kuma ba a jira a ga yadda za ta kaya. Kaji uku huɗu masu shekaru daban-daban sun kwanta cikin yini ɗaya, toh ko guba ce ko annoba.

Ta ɓangaren guba, wadda ta fi shahara ita ce ta bakteriyar Clostridium botulinum, mai taruwa a mushe da ruɓaɓɓen abu da ruwan da ya daɗe a kwance. Tsutsotsin da ke cin mushen ba ta yi musu komai amma suna tara ta, kaza ta tono su ta cinye. Shanyewar daga ƙafa take farawa ta hau fiffike ta kai wuya, sai ka ga kan a yashe a ƙasa, fatar ido a rufe, gashi yana tugewa da ɗan ja kaɗan. Wadda ta ci kaɗan tana iya tashi in an ba ta ruwa da inuwa, aikin farko dai shi ne a nemo mushen a kawar. Maganin ƙwari da na ɓera suna yin nasu, haka ma haɗa magunguna barkatai, misali ba da antibayotik ɗin tiamulin a kan abincin da aka riga aka sa wa maganin monensin yana lalata tsokar ƙafa.

Ta ɓangaren annoba akwai Newcastle, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Java na Indunusiya sannan a garin Newcastle na Ingila da ta ci sunansa. Ita ba ƙafa kaɗai take taɓawa ba, akwai wahalar numfashi, koren zawo, wuya ya murɗe, ƙwai ya tsaya, mutuwa kuma ta zo da yawa. Murar tsuntsaye mai tsanani tana kama da ita sosai, har da zanko ya yi shuɗi-shuɗi da jini a ƙarƙashin fatar ƙafa, ido kaɗai ba ya raba su sai gwaji. Dukansu biyun a yawancin ƙasashe doka ta ce a sanar da hukumar kula da dabbobi, kuma murar tana iya kama mutumin da ya yi ta'ammali da kajin da hannu. Amma kaza ɗaya mai ɗingishi, tana ci tana sha sauran lafiya ƙalau, hotonta bai yi kama da waɗannan ba.

Inda masu kiwo suka rabu

Masu cewa a fara da bitamin suna da hujja: yana da araha, rarar rukunin B jiki yana zubarwa, kuma ga ɗan tsako mai nannaɗaɗɗun yatsu shi ne maganin. Masu suka kuma suna cewa yana sa a yi sake, a shafe sati ana zuba garin bitamin a ruwa alhali zare ne a yatsa ko ƙwai ne ya maƙale, sannan A da D3 in sun yi yawa su ma illa ne. A gaskiya ba saɓani ba ne sosai, bayarwa ba laifi in dai an riga an juya ƙafar an duba.

Antibayotik ne rigimarsa ta fi zafi. Yana aiki a kan bakteriya kaɗai, wato daga cikin duk abin da aka ambata a sama maruru da ciwon gaɓoɓi ne nasa, ba ruwansa da Marek ko Newcastle ko targaɗe ko ƙarancin abinci. Ko a marurun ma ba ya ratsa daskararren dunƙulen da kyau. Masu zubawa suna cewa likita ya yi nisa ko kuɗin ganinsa ya fi kuɗin kazar, wanda gaskiya ne a wurare da yawa. Ɗaya ɓangaren suna nuna ragowar maganin da ke fita a ƙwai da nama, da kuma ƙwayoyin cuta da ke sabawa da shi har ya daina aiki a jikin mutane, damuwar da ta sa Amurka ta haramta wani antibayotik mai suna enrofloxacin a kiwon kaji a 2005.

Kan marurun kansa, wasu na yankawa a gida su ciro dunƙulen, wasu na jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi kullum su shafa magani su naɗe har ɓawon ya yi laushi ya fita da kansa. Na farkon ya fi sauri amma yanka ne ba kashe zafi, ga zubar jini ga yiwuwar ƙara tura cutar ciki. Na biyun yana cin makonni kuma ba ya isa in abin ya yi zurfi. Likitoci sun fi karkata ga jiƙawa a matakin farko, tiyata kuma a bar musu. Kowanne aka zaɓa a sa safar hannu, ƙwayar tana kama fatar mutum.

Sai batun jinya ko yanka. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, in ji masu ganin cewa wadda ba ta iya kai kanta ga ruwa wahala kawai ake tsawaita mata. Masu jinya kuma suna rataye ta a ɗan ƙyalle mai huda biyu ƙafafu na taɓa ƙasa, suna ba ta ci da hannu, wasu kuma suna tashi. Cewa kaza ba ta jin zafi dai ba ya cikin lissafi, a wani gwaji da aka wallafa a 2000 a Birtaniya guragun burola da aka ajiye wa abinci iri biyu sun fi masu lafiya zaɓar wanda aka sa wa maganin kashe zafi. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne alkibla, kullum tana ɗan gyaruwa ne ko kullum tana ƙara baya.

Rigakafin Marek ma bai tsira daga muhawara ba, domin yana hana ciwon ne ba ya hana kamuwa ko yaɗawa. Binciken da wani masani mai suna Andrew Read da abokan aikinsa suka fitar a 2015 ya nuna cewa nau'o'in ƙwayar masu tsananin zafi, waɗanda ke kashe kazar da ba a yi wa allura ba cikin kwana goma kafin ta yaɗa su sosai, suna samun damar yaɗuwa ta jikin waɗanda aka yi wa. Wasu masu kiwo sun riƙe wannan suna cewa gara a bar masu juriya su hayayyafa. Wasu suka ce wannan hanyar asara ce mai yawa kafin a kai ga juriyar, kuma shi binciken bai ce a daina allura ba, abin da ya nuna shi ne wadda ba a yi wa ba ce ke cikin haɗari. Allurar da kanta ba ta sa wa sauran kaji cutar.

Abin da wannan ke nufi ga mai kaji goma a bayan gida

Wahalar mai ƙaramin kiwo ita ce an tsara kayan aikin ne don manyan gonaki. Kwalbar rigakafin Marek ta 'yan tsaki 1,000 ce, in an haɗa kuma cikin awa ɗaya zuwa biyu ta tashi aiki, mai 'yan tsaki takwas ba yadda zai yi da ita, saboda haka tambayar da zai yi wurin saye ita ce an yi musu ko ba a yi ba. Sabbin kaji a keɓe su wajen wata ɗaya kafin a haɗa, da sanin cewa keɓewar tana tona mai ciwo a fili ne, ba ta tona mai ɗauke da Marek ko Mycoplasma a ɓoye. Gidan da Marek ta tabbata, duk kajin ana ɗaukarsu masu ɗauke da ita ne, sayar da su ko kyautar da su kai cutar ne wani gida. Ƙwansu kuwa ba ya ɗauke da ita a ciki, ana ci, ana ma iya ƙyanƙyashe shi a wani wuri mai tsabta.

Kan nama, wadda aka san targaɗe ko karaya ce ba matsala. Wadda ke kan magani sai kwanakin jira da aka rubuta a jikin maganin sun cika, ƙwanta ma haka. Wadda ta faɗi tare da wasu ba a san dalili ba, ko aka buɗe aka ga ƙari a hanta, ba ta ci ba ce, kuma ba a jefa wa kare ko a yar a fili, binnewa ake yi da zurfi ko a ƙona.

Gyaran da ke rage yawan raunin ba shi da tsada: sandar kwana ta sauko zuwa wajen rabin mita ga masu nauyi, a goge kaushinta, shimfiɗa ta zauna a bushe, garin ɓawon kawa, don ƙarin kalsiyam, a mazubi daban inda mai yin ƙwai za ta ɗiba da kanta ba a cakuɗa wa kowa ba.

In kuma matashiyar kaza ta shanye ta mutu, gawarta ce ke ɗauke da amsar da sauran ke bukata. A naɗe ta a leda biyu a sa a sanyi, ba a firiza ba don ƙanƙara tana ɓata naman da za a duba, a kai wa likitan dabbobi cikin kwana ɗaya ko biyu. Zai buɗe cinyoyin biyu ya ɗaga tsoka ya jera jijiyoyin gefe da gefe. Mai lafiya fara ce sol, siririya, da wasu 'yan layuka a gicciye. Ta ɓangaren da ya shanye in Marek ce za a gan ta ta yi kauri ninki biyu ko uku, launinta ya dushe ya koma rawaya-rawaya ko toka, layukan sun ɓace.